Ɗigon Ƙaro Uku a Rediyon Baba Haliru

Makon jiya wani saurayi ya tsaya da babur a bakin rumfata, bai ko kashe injin ba, ya miƙo mini rediyo biyu a cikin leda. Ɗaya mai allura ne, irin wanda ake murɗawa, ɗayan kuma na yanzu ne, mai lamba da maɓallai, wanda suke kira dijital. Ya ce mahaifinsa zai saya wa, mai shago ya ba shi ya kawo in duba wanda ya fi. Kafin in buɗe baki ya ƙara da cewa ai ya san aikin namu ba wani abu ba ne, batir ne da waya biyu. Na ce ya kashe babur ya zauna. Ya ce sauri yake yi. Na ce to ya tafi da saurinsa, don amsata ba ta mai sauri ba ce. Ya kuwa tafi. Amsar da bai tsaya ji ba ita zan ba ku, ku da kuke ganin gyaran rediyo wasan yara ne.

Sunana Usman, amma a unguwar Runjin Sambo, nan Sakkwato, in ba ka ce Mani mai rediyo ba, babu wanda zai nuna maka rumfata. Na haura shekara arba'in ina wannan sana'a. Na koye ta a hannun Maigida Altine, Allah ya jiƙansa, a wata rumfar kwano kusa da tsohuwar kasuwa. Mutum ne mai ƙarancin magana da saurin hannu, kuma saurin hannun nan ba a kan rediyo kaɗai yake tsayawa ba.

Aikin farko da ya ba ni shi ne ɗaura zare. Ku ba ku ma san rediyo yana da zare ba. A cikin mai allura akwai wani siririn zare da ya taso daga sandar abin murɗawa, ya nannaɗe ta sau biyu da rabi, ya bi ta kan wasu 'yan ƙananan ƙafafu, ya zagaye babban faifai, ya ƙare a jikin sifirin. Shi ke jan allura. In ka sassauta shi, ka yi ta murɗawa allura tana zaune abinta. In ka ɗame shi, kwana uku ya tsinke. In ka juya nannaɗin, ka murɗa gabas allura ta nufi yamma. Wata huɗu na yi a kan zare kawai kafin Altine ya bar ni in taɓa ƙarfen dalma. Ƙarfen ma ba na lantarki ba ne, a gawayi muke gasa shi, kuma a kusa da kumatu ake auna zafinsa. In ya yi sanyi dalma ta dunƙule, in ya yi zafi ya ɗaye layin tagulla daga jikin allon cikin rediyo. Duk tabon da ke yatsun nan nawa a wannan shekarar na samo shi.

Bayan hannu sai kunne. Altine yakan juya fuskar rediyo ta kalli bango, ya ce in nemo masa tasha kaza a gajeren zango ba tare da na ga allura ba. In na leƙa, ya dungure mini ƙeya.

"Kai yaron ga, ba da ido a ka gyaran rediyo ba," in ji shi. "Da kunne a ka yi."

A nan na gane cewa tasha ba ta faɗo wa mutum daga sama, tahowa take yi. Kana murɗawa a hankali za ka ji shuu, sai wani siririn fito, sai murya can nesa kamar mai magana a cikin rijiya, sai ta matso, ta matso, har ta zauna daidai. In ka wuce ta za ka ji tana komawa, ka dawo baya kaɗan. Ku riƙe wannan, don a kansa duk maganar take.

A rumfar Altine na fara ganin Baba Haliru. Baduku ne, ya yi suna wajen ɗinkin jaka da takalmi na jar fata, sai ciwon ido ya kama shi, a hankali har ganin ya tafi gaba ɗaya. Da ya daina aiki ya sayar da gidansa na cikin gari ya koma Runjin Sambo, shi da matarsa, tsohuwa ita ma. Rediyonsa babba ne mai jikin katako, mai cin manyan batura huɗu, kuma shi ya ɗinka masa rigar fata da hannunsa tun yana gani. Ranar da ya kawo shi ya ce ba ya iya samun tashoshinsa sai ya yi ta lalube, Altine ya yi wani abu da ban taɓa gani ba. Ya cire gilashin fuskar rediyon ya bar allura a fili. Ya jiƙa ƙaro, ya ɗiga ɗigo uku a kan allon, kowanne daidai inda tasha take. Na gefe da gefe na gidajen rediyon waje ne masu labarai da Hausa, na tsakiya kuma tashar gida. Da ƙaron ya bushe sai ya zama ƙulli. Baba Haliru ya ɗora yatsa a kan ƙullin, ya murɗa da ɗayan hannun har allura ta zo ta taɓa farcensa, sauran kuma kunne ya ƙarasa. Daga ranar bai sake neman taimakon kowa ba.

Ɗigon tsakiyar nan ya fi masa sauran muhimmanci. Kowace safiya tashar gida tana karanta sanarwa: wane ya rasu, za a yi jana'iza ƙarfe kaza a wuri kaza. Baba Haliru ba ya karya kumallo sai ya ji ta. In an ambaci wanda ya sani, ya ɗauki sandarsa ya tari mota. Duk unguwa an san cewa in kana son sanin wanda ya rasu a ƙasar Sakkwato, shi za ka tambaya. Waya kuwa ya ƙi ta, ya ce ta masu ido ce.

Akwai kuma dalilin da ya wuce wannan, shi da kansa ya gaya mini. Yana da amini, Malam Sanda, majemi a wani ƙauye wajen Wurno, wanda ya shekara da shekaru yana jeme masa fata. Sun yi alkawari tun suna da ƙarfinsu: duk wanda ya riga tafiya, ɗayan zai tsaya a sahun gaba a sallarsa, ya kuma zuba masa ƙasa da hannunsa. Da tsufa ya hana su yawan ziyara, Sanda ya gaya wa 'ya'yansa cewa ranar da ta Allah ta kasance kada su wahalar da kansu neman gidan Haliru a birni. Su sa a rediyo kawai, zai ji.

Da Altine ya rasu ni na gaji masu kawo masa gyara, har da Baba Haliru. Da na dawo da rumfata Runjin Sambo ma sai muka zama kusa. Shekara ashirin da wani abu rediyon nan yana zuwa hannuna. Na canja masa zare sau uku, lasifika sau ɗaya, kuma duk bayan damina ina sabunta ɗigon ƙaron, saboda laima tana cinye shi.

Yanzu bari in faɗi gaskiyar rediyo mai lamba, kada ku ce tsoho ne ke kushe abin zamani. Yana da amfaninsa. A zangon FM, a cikin gari, muryarsa tas take. Ba ya zamewa daga tasha in ya ɗumama, kamar yadda mai allura yake yi. Ka sa masa memori ka ji karatu ko wa'azi, ga fitila a kansa. Mai tsadarsa, wanda aka yi da gaske, babu abin da zan ce a kansa sai alheri. Amma ba shi ake kawo mana ba. Wanda ake kawo mana a kwali-kwali shi ne na araha, kuma araha ba ta ado.

Na farko da na buɗe, wata mata ce ta kawo shi daga unguwar Mabera, wata biyu da saye ya yi shiru. Na kwance sukurori huɗu na ɗaga murfi, na tsaya ina kallo. Fanko ne. Wani ɗan allo kamar faɗin katin waya, da baƙin ɗigo guda a tsakiya kamar an ɗiga kwalta. Duk rediyon yana cikin wannan ɗigon. Babu kwayil da za ka daidaita, babu taransisto da za ka cire ka sa wani. In ɗigon ya ƙone, ka ba yara su yi mota da gangar jikin. Na ce mata ba ya gyaruwa, ta dube ni kamar ni ne ban iya ba.

Ba mutuwarsa ce ta fi ba ni haushi ba, yadda yake neman tasha ne. Kana danna maɓalli sai ya yi tsit, ya yi tsalle, ya sake yin tsit. Ba ka jin tasha tana tahowa. In muryar mai rauni ce, irin ta gajeren zango da rana, sai ya yanke hukunci da kansa cewa ba ta isa a ji ta ba, ya tsallake ta. Maɓallansa duka girmansu ɗaya, santsinsu ɗaya. Ka kuskure ɗaya, sai wata mata ta yi maka magana da Turanci daga ciki, rediyo ya koma jiran memori. Ka danna na bincike bisa kuskure, ya watsar da duk tashoshin da ka jera ya sake nasa jerin. Batirinsa kuma na caji ne, a garin da wuta take zuwa kamar baƙuwa.

Shekarar da kwalayen nan suka cika kasuwa ita ce muguwar shekararmu. Kuɗin sabo bai kai na gyara biyu ba, to wa zai kawo gyara? Masu rumfuna a layinmu suka watse, wani ya koma acaɓa, wani ya koma sayar da cajar waya. Nakan buɗe rumfa da safe, in share, in jera kayan aiki, in zauna har la'asar ban gasa ƙarfe ba. 'Yan gwangwan suka gano mu, suna yawo da baro suna sayen tsofaffin rediyo a kan sikeli saboda tagullar da ke ciki. Da na ga uwar bari, ni ma na saro kwali guda na jera a gaban rumfa. Ni da na san abin da ke cikinsu, ni na riƙa yi musu talla.

Ana cikin haka Baba Haliru ya zo da rediyonsa a rungume. Ya ce murya tana ƙarce-ƙarce, tana ɗaukewa. Na buɗe na duba. Abin ƙara murya ne ya cinye, da kondensa guda da ta bushe. Ina da su duka biyun a cikin gwangwani, a ƙarƙashin teburin da nake zaune. Amma kwana shida ke nan ban sayar da komai ba, kuma idona ya faɗa kan lasifikar da ke ciki da tagullar da ke ciki. Sai na ji bakina yana cewa kayan gyaran irin wannan sun ƙare a kasuwa, ya tsufa, ba ya gyaruwa. Na ce ya bar mini shi, in rage masa kuɗin sabo.

Ya daɗe yana shafa rigar fatar. Sannan ya ce, "Mani, in kac ce ba shi gyaruwa, to ba shi gyaruwa. Kai ad da ido. Ni sai abin da kah hwaɗa min."

Ya zare rigar ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya bar mini rediyon tsirara. Na jera masa tashoshinsa uku a sabon, na liƙa ɗan salatif a kan maɓallin da zai riƙa dannawa. Kafin sati ya zagayo na cire lasifikar tsohon na sa wa wani, gangar jikin kuma ta hau sikelin 'yan gwangwan.

Sau biyu yana dawowa. Na farko salatif ya ɓalle, ya danna na bincike, komai ya rikice. Na biyu ya ce matar da ke ciki ta hana shi sakat, ita kuma matarsa ba ta karanta lamba balle ta taimake shi. Ya ce batir ba ya kwana biyu, sai ya aika da shi wurin mai cajin waya ya wuni ko ya kwana can. Duk zuwan da ya yi nakan gyara jerin in sallame shi da sauri, don ba na son ya daɗe a rumfar. Daga baya in na hango shi tafe da sanda sai in sami abin yi a bayan rumfa.

Wata safiya a tsakiyar bazara ina zaune ina jin tashar gida, a rediyona mai allura, don ni ban taɓa ajiye mai lamba don kaina ba. Aka karanta rasuwar Malam Sanda majemi, jana'iza bayan azahar a ƙauyensu. Mai sanarwar ya ƙara da cewa iyalan mamacin suna roƙon Malam Haliru baduku da ke Sakkwato ya halarta. Sau biyu aka karanta. Na yi salati, na ce Allah sarki, yau Baba Haliru zai cika alkawari. Zuciyata ta ce in taka in tabbatar ya ji, tafiyar ba ta fi minti goma ba. Wata zuciyar ta ce wa zai kai wa Baba Haliru labarin rediyo? Gaskiyar ita ce ba na son haɗuwa da shi. Na ci gaba da shara.

Ba ni kaɗai na ji ba. Mai shayin bakin layinsu ya ji, maƙwabcinsa ya ji kafin ya fita kasuwa. Kowa ya ce ai ya riga mu ji. Rediyonsa kuwa a wannan safiyar yana kan teburin mai caji tun jiya, cikin jerin wayoyi, yana jiran a tayar da janareta. Da aka dawo masa da shi da yamma jerin ya sake rikicewa, kiɗa kawai yake samu. Ya gaji da zuwa wurina, sai ya haƙura ya bar shi a haka.

Kwana tara bayan nan babban ɗan Malam Sanda ya shigo birni, ya bi dukawa yana tambaya har aka kwatanta masa gidan. Ya zo ne a zaton ko tsohon yana kwance, ko shi ma ya rasu. Ya same shi zaune a ƙofar gida lafiya lau, rediyo a gefensa yana kiɗa.

Washegari da hantsi na ji ƙwanƙwasar sanda a bakin rumfa, kuma wannan karon babu inda zan ɓuya. Na gaishe shi, na yi masa ta'aziyya, ya amsa. Ya lalubi teburina ya ajiye mai lambar a kai. Na fara cewa zan mayar masa da kuɗinsa, ya ɗaga hannu.

"Ban zaka don kuɗɗi ba. Tambaya guda ni ka yi ma. Wancan nau, da gaske ba shi gyaruwa?"

Makaho ne, amma ban taɓa jin an dube ni kamar ranar ba. Na ce, "Shina gyaruwa, Baba."

"Aikin kwana nawa na?"

"Bai kai awa guda ba."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Sun aje Sanda har la'asar suna jirana, Mani. Cikin zahin ga."

Bai zage ni ba, bai yi mini Allah ya isa ba, da ma ya yi. Ya juya ya tafi ya bar rediyon a kan tebur. Kunyar da na ji a ranar ba ta sake ni ba har yau, kuma ban ga dalilin da zai sa ta sake ni ba.

Sati uku na yi ina bin 'yan gwangwan daga wannan fili zuwa wancan, ina tona tarin ƙarafa da hannu ina neman tsohon rediyonsa. Nasa dai ya riga ya tafi. Na samu wani irinsa da fasasshen katako, na samu wani da ƙonannen ciki, na haɗa biyun suka zama ɗaya. Na ɗaura sabon zare, sau biyu da rabi. Na cire gilashi, na jiƙa ƙaro na ɗiga uku. Ban taɓa yin aiki mai kyau kamarsa ba, kuma na san ba zan sake ba.

To ga amsar da saurayin nan bai tsaya ji ba. Kafin ka tambayi wanne ya fi, tambayi wa zai riƙe shi. In kai ne, mai ido da waya a aljihu da wurin caji, kana son kiɗa da ƙwallo a cikin gari, sayi mai lamba, in ya mutu ka yar ka sayi wani, dama don haka aka yi shi. In tsoho ne, ko mutumin ƙauye, ko wanda rediyon nan shi ne ƙofarsa ta duniya, nemo masa mai allura mai cin batirin da ake samu a kowane tebur. Kuma ko wanne ka saya, ka kula da wanda ke gaya maka cewa tsohon ba ya gyaruwa. Ka duba ko akwai kwali a gaban rumfarsa.

Da kaina na kai wa Baba Haliru har gida. Ya karɓa ya ɗora a cinya, ya aika aka ɗauko rigar fatar, ta kuwa shiga daidai. Ya sa yatsa ya sami ɗigon farko, ya murɗa, murya ta taho daga nesa ta zauna. Ya gwada na ƙarshe, haka. Ya ce aiki ya yi kyau, hannun Altine ne. Sai ya dawo da yatsansa kan na tsakiya, ya sa farce ya kankare shi, ya hure garin.

"Wanga ba ni da sauran wanda ni ka jira ciki," in ji shi.

Na ce kyauta na kawo masa. Ya ce a'a, aiki na yi, kuma ba ya cin gumin mai sana'a. Ya tambayi kuɗin, ya ƙirga da yatsu ya biya ni cif, ya ce in gaida gida.

Yana nan da ransa. Bara zaren ya tsinke, na ji a bakin mai shayi. Na tanadi sabon zare na ajiye a kan tebur ina jira. Mabera ya kai shi, wurin wani mai gyaran waya da bai taɓa ɗaura zare ba a rayuwarsa. Keken da ya ɗauke shi ta gaban rumfata ya wuce, ina zaune.